Jirgi Ya Daki Jirgi a Bakin Kwata: Wa Zai Biya, Kuma Ina Ake Kai Kuka?

 Daga Abuja nake rubuto muku wannan, kuma kiran waya ne ya jawo shi.

Wata ranar Talata da hantsi kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni daga Legas muryarsa na rawa. Ya fi shekara ashirin yana sayar da albasa da busasshen barkono, har ya tara abin da ya sayi ƙaramin jirgin faiba mai inji ɗaya, ya ɗauki direba ɗan gari yana kai masa kaya ƙauyukan da ke tsallaken ruwa. Ran nan jirgin yana ɗaure a bakin kwata, wadda mutanen can ke kira jeti, ana cikin lodi, sai wani jirgin fasinja ya shigo da gudu. Direbansa ya nemi ya sa giyar baya don ya rage gudu, giya ta ƙi shiga, ya zo ya daki gefen jirgin Kawu. Faiba ta tsage, ruwa ya shiga, buhunan albasa suka jiƙe, injin ma ya bugu da ƙarfen kwata.

Kawu ya ce mini, "Ɗana, sun ce wai tsautsayi ne, igiyar ruwa ce ta turo su, kowa ya ɗauki asararsa. Yaranmu kuma sun ce a bar su da su. Ni dai ban san inda zan dosa ba."

Na ce, "Kawu, don Allah ka fara riƙe yaran nan. Sauran ka bar mini."

Na daɗe ina ɗauko labarai a kotunan Abuja, don haka na san ƙofofin da zan ƙwanƙwasa. Abin da na tattaro a makonnin da suka biyo baya shi ne na jera a nan, don wanda irin wannan ta same shi ya san matsayinsa. A taƙaice dai, biyan ɓarna a ruwa yana bin sakaci ne. Wanda ya iya nuna sakacin wani da shaida shi ake biya, komai ƙanƙantar jirginsa, kuma ko baƙo ne a garin.

Mai tafiya da wanda ke ɗaure

Ƙa'ida ta farko tsohuwa ce a shari'ar jiragen ruwa, kuma kotunan Najeriya sun gaje ta daga dokar Ingila. Idan jirgi mai tafiya ya daki jirgin da ke ɗaure a wurin da ya dace, ko ya daki kwata, ana fara ɗora zargin sakaci a kan mai tafiyar. Shi ne zai kawo bayanin da zai wanke kansa. Dalilin a bayyane yake: wanda ke ɗaure ba shi da yadda zai kauce.

To amma faɗin "igiyar ruwa ce" ko "iska ce" kawai ba ya wanke mutum. Sai ya nuna cewa abin da ya faru ya fi ƙarfin duk wani ƙwararren matuƙi mai lura. Cikar ruwa da janyewarsa a tafkin Legas abu ne na kullum. Ƙarfin Kogin Kwara a Anacha lokacin damina kowa ya san shi. Kainuwar da ke toshe hanyar Ikorodu tana naɗe farfela duk shekara ita ma ba baƙuwa ba ce. Abin da aka saba da shi, ana sa ran matuƙi ya yi shirinsa.

Haka batun lalacewar inji. Giya ta ƙi shiga, waya ta tsinke, sitiyari ya ƙwace: tambayar da za a yi ita ce yaushe rabon da a duba shi? Idan an san giyar tana gardama tun makon jiya aka ci gaba da ɗaukar fasinja, wannan sakaci ne tsantsa, kuma na mai jirgin ne.

Wanda ke ɗaure ma yana iya samun nasa kason laifin. Misali ya ɗaure a bakin mashigar da aka ware wa masu sauke fasinja, ko ya bar igiya ta yi sako-sako jirgin ya karkato ya tare hanya, ko ya kwana a wurin ba fitila, ko bai rataya tsofaffin tayoyin da ake sa wa a gefe don rage bugu ba. Ko a nan Tafkin Jabi, inda jiragen shaƙatawa ke yawo, in ka tsaya ka lura za ka ga matuƙi yana kashe gudu tun daga nesa, ya bar jirgi ya sulalo a hankali. Wannan shi ne abin da ake nufi da lura.

Idan laifi ya rabu biyu

Sau da yawa ɓangarorin biyu kowa da nasa. A nan Dokar Jiragen Kasuwanci ta 2007 ta bi tsarin da ƙasashe suka amince da shi a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam tun 1910: a raba asara gwargwadon laifin kowa. Idan an kasa tantance wanda laifinsa ya fi, sai a raba daidai wa daida. Wanda ba shi da laifi ko kaɗan ba ya biyan komai.

Bari in ba da misali da lissafi, don a nan mutane ke rikicewa. A ce gyaran jirginka zai ci Naira 1,000,000, na abokin karonka kuma Naira 400,000. Aka duba aka ce shi yana da kashi 75 cikin 100 na laifi saboda gudu, kai kana da 25 saboda ka ɗaure a inda bai kamata ba. Shi zai ɗauki kashi 75 na asararka, wato 750,000. Kai za ka ɗauki kashi 25 na tasa, wato 100,000. In an cire, shi zai miƙo maka 650,000. Ka ga ke nan maganar "kowa ya ɗauki asararsa" tana yi wa mai babban laifi daɗi ne kawai.

Direba ya yi, mai jirgi ya biya

Wata dabarar da ake yawan yi ita ce mai jirgi ya ce, "Ai ba ni na tuƙa ba, ku je ku kama direba." Direba kuwa ba shi da ko kuɗin fenti. Doka ta toshe wannan ƙofa. Ɓarnar da ma'aikaci ya yi a cikin aikin da aka ɗauke shi dominsa tana kan ubangidansa. Kana iya neman direba, ko mai jirgi, ko duka biyun.

Wannan ya shafe mu ta ɗaya gefen ma. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da suka sa kuɗi a harkar jirgi ba su taɓa riƙe sitiyari ba, sun ba wani ne yana kawo musu balas kullum ko duk mako. Ka sani fa, ranar da yaron nan ya fasa jirgin wani, ƙofarka za a fara zuwa. Don haka ka san wanda ka ba, ka tabbatar yana da takardar shaidar tuƙi, ka rubuta yarjejeniyar da ke tsakaninku, kuma ka riƙa ajiye rasit na duk gyaran da aka yi wa inji.

Mai kwata ma yana da nasa

Wani lokaci ba jirgi ne ya daki jirgi ba, kwatar ce ta yi ɓarnar: ƙarfe ya fito ya huda jirgi, ko turken ɗaure igiya ya tumɓuke, ko akwai tsohon jirgin da ya nutse a wurin ba alama. Akwai sanannen hukunci a kan wannan daga Ingila, na shekarar 1889, wanda ɗaliban lauya a Najeriya har yau suke karantawa. Wani jirgi mai suna Moorcock ya yi yarjejeniya da masu wata kwata a bakin Kogin Thames cewa zai tsaya ya sauke kaya. Da ruwa ya janye, jirgin ya zauna a kan wani tudu mai tauri a ƙasan kogin, ya lalace. Masu kwata suka ce ƙasan kogi ba nasu ba ne. Kotu ta ce tun da suna cin kuɗi da tsayuwar jirgi a wurin, wajibi ne su bincika ko wurin lafiya yake, ko aƙalla su gargaɗi mai jirgi cewa ba su bincika ba. Aka sa su biya.

Darasin a gare mu: duk wanda ke karɓar kuɗin tsayawa ko kuɗin lodi a hannunka ya ɗauki wani nauyi. Saboda haka tikitin nan da ake yaga maka, kar ka yar. Shi ne shaidar cewa da izini ka tsaya, kuma ga wanda ya karɓi kuɗinka. Haka kuma in kai ne ka daki kwata ka karya katako ko ƙarfe, kai ma za a bi ka gyara.

Masu kaya da fasinjoji

Yawancin masu karanta wannan shafi ba masu jirgi ba ne, masu kaya ne: mai shinkafa, mai tumatir, mai raguna lokacin Layya, mai gwangwan. Idan ka ba mai jirgi kayanka ya kai maka a kan kuɗi, suka lalace a hannunsa, shi ne zai nuna cewa ba sakacinsa ba ne. In kuma wani jirgin ne ya jawo, kana iya bin wancan jirgin gwargwadon kason laifinsa. Abin da ke kayar da 'yan kasuwarmu shi ne rashin rubutu. An loda buhu arba'in da baki, bayan hatsari direba ya ce talatin ne. Ko a takardar sigari ce, a rubuta adadi da rana, direba ya sa hannu, ka ɗauki hotonta a waya.

Batun rauni ko rasa rai ya fi wannan nauyi. A nan doka ta ba wanda ya ji rauni, ko magadan mamaci, damar su nemi cikakkiyar diyya a wurin kowane ɗaya daga jiragen da ke da laifi, su kuma masu jiragen su je su daidaita tsakaninsu. Kuma da zarar an yi jini, maganar ta wuce sulhun bakin kwata, dole 'yan sandan ruwa su shigo.

Abin da malamanmu suka faɗa

Kawu mutum ne mai tsoron cin haƙƙi. Ya tambaye ni ko karɓar kuɗin gyara bai zama ƙin yarda da ƙaddara ba. Na kai tambayar wurin wani malamin fiƙihu a unguwarmu, ya yi murmushi ya ce ai malaman Malikiyya sun gama wannan magana tun fiye da shekara dubu.

A cikin Mudawwana an kawo mas'alar jirage biyu da suka yi karo. Hukuncin Imamu Malik shi ne, idan iska ce ta rinjayi matuƙa har ba su da ikon juya jirgi, babu ranko a kan kowa. Idan kuwa suna da ikon kaucewa ba su kauce ba, za su biya. Akwai kuma ƙa'idar malamai cewa a sha'anin dukiyar mutane, ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen biya. Bambancinsu a wajen zunubi ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa mai jirgi ba ya lamunin kayan da suka nutse, amma kuma ba shi da kuɗin fito sai ya isar da kaya. Masu sharhi sun bayyana cewa wannan sauƙin na wanda bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba ne.

Ka ga ashe dokar bature da ta zaure sun haɗu a wuri guda: abin da ya fi ƙarfin mutum a yafe, abin da sakaci ya jawo a biya. Yafiya alheri ce in mutum ya ga dama, amma neman haƙƙi ba saɓo ba ne.

Ruwan na wa ne? Hukuncin da aka yanke a Abuja

Da ka tashi kai rahoto, tambayar farko ita ce wace hukuma. An kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, da dokar 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, tana da ofisoshin yanki a garuruwa irin su Legas, Anacha, Warri, Fatakwal da Kalaba. A 2008 jihar Legas ta kafa tata hukumar, LASWA. Sai masu jirage suka wayi gari hukuma biyu na neman kuɗi a hannunsu a kan ruwa ɗaya.

A 2012 ƙungiyar masu jiragen ruwa da ta masu haƙar yashi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas suna neman a faɗa musu wa za su biya. A 2014 Mai Shari'a John Tsoho ya ba hukumomin tarayya gaskiya. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin ta ba Legas. Daga nan magana ta taho Abuja. Ranar 5 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a John Inyang Okoro ya rubuta, ta soke na Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta tabbatar da cewa ikon ba da lasisi da karɓar kuɗi a hanyoyin ruwan da dokar NIWA ta lissafa na Gwamnatin Tarayya ne.

Me wannan ke nufi ga mai ƙaramin jirgi? Na farko, rajistar NIWA ita ce takardar da za a fara tambayarka. Na biyu, LASWA ba ta gushe ba, tana nan tana aiki a tashoshin jihar, ofishinta yana Falomo a Ikoyi. Don haka in hatsari ya faru a Legas, ka sanar da jami'an da ke kwatar, ka kuma kai rahoto a rubuce ofishin NIWA. A sauran jihohi, NIWA da 'yan sandan ruwa.

Akwai kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, waɗanda Ministan Harkokin Teku Adegboyega Oyetola ya ƙaddamar a 2024, bayan munanan haɗurra irin na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da ɗari suka rasu. Ƙa'idojin sun wajabta rajistar jirgi da sa rigar kariya, sun hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye, domin wanda hatsari ya same shi yana cikin karya ɗaya daga cikinsu ya riga ya ba abokin shari'arsa sanda. In jirginka ba rajista, ko ka shigo kwata da duhu ba fitila, kason laifinka zai hau ko da kai aka daka.

Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta ya haɗa da na ruwa, ita ma tana nan Abuja. Amma a sani, aikinta gano musabbabi ne don kauce wa gaba a manyan haɗurra. Ba ta raba laifi, ba ta sa a biya kowa.

Wace kotu, kuma zuwa yaushe?

Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Hurumin Shari'ar Jiragen Ruwa ta 1991 sun ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'o'in jiragen ruwa, ciki har da ɓarnar da jirgi ya yi ta hanyar karo ko waninsa. Ma'anar "jirgi" a dokar 1991 tana da faɗi, ta haɗa duk abin da aka ƙera don tafiya a ruwa ko da me ake tuƙa shi. Mutane da dama sun ɓata shekaru a kotun da ba ta da hurumi, daga ƙarshe aka kori ƙarar. Kafin ka biya kuɗin shigar da ƙara, ka sa lauya ya tantance wannan.

Wannan kotu tana da wani iko da sauran ba su da shi: tana iya ba da umarnin tsare jirgin da ya yi ɓarna har sai mai shi ya ajiye jingina. Wannan yana da amfani idan babban kwale-kwalen dakon kwantena ko jirgin da ke jansa ne ya taka ka, irin waɗanda suka yawaita a kewayen Apapa. Sai dai manyan jirage su ma doka ta ba su damar taƙaita abin da za su biya gwargwadon girman jirgi.

Sai wa'adi. Ƙarar karon jirage tana da shekara biyu daga ranar da abin ya faru. In kuwa hukumar gwamnati za ka kai ƙara, da yawansu dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce tukuna, kuma wa'adin ya fi wannan gajarta sosai. Kar a yi ta ja maka rai da "za mu gani" har lokaci ya ƙure.

Me ake biya?

Manufar diyya ita ce a mayar da kai inda kake kafin hatsari, ba a azurta ka ba. Ana biyan kuɗin gyara na hankali, da kuɗin jawo jirgi ko tsamo shi, da kayan da suka lalace a kan farashinsu na ranar, da cinikin da ka rasa a kwanakin da jirgi ke wurin gyara. In jirgin ya tashi aiki gaba ɗaya, ana biyan darajarsa ta ranar hatsari, ba kuɗin sabo ba.

Kotunan Najeriya suna da tsauri a kan irin wannan asara: sai ka lissafa ta dalla-dalla ka kuma kawo shaida. "Ina samun dubu hamsin kullum" ba ta wadatar ba sai da littafin ciniki ko bayanan banki. Kuma wajibi ne ka rage asarar da kanka. In inji ya sha ruwan gishiri ka bar shi mako biyu ba a wanke ba har ya ci tsatsa, wannan ƙarin ɓarnar taka ce. In albasa ta jiƙe, a baza ta a sayar da abin da zai sayu, a rubuta abin da aka samu.

Awa ɗaya ta farko

Yawancin shari'un nan a awar farko ake cin su ko a faɗi. Ga abin da ya kamata:

1. A fara da rai. A ƙirga mutane, a kai mai rauni asibiti.
2. A ɗauki hoto da bidiyo kafin a matsar da jiragen: inda aka daka, yadda igiya take ɗaure, lamba da sunan ɗaya jirgin, yanayin ruwa. Kar a goge, kar a sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da aka ɗauka da ita.
3. A karɓi suna da lambar shaidu, musamman waɗanda ba 'yan uwanka ba: mai yanka tikiti, 'yan dako, fasinjojin ɗaya jirgin.
4. A rubuta lokaci, da abin da direban ya faɗa da bakinsa a wurin. Da zafi-zafi mutane kan faɗi gaskiya, washegari labari ya canza.
5. A sanar da shugaban kwata da ƙungiyar masu jirage, a kai rahoto ga hukuma a karɓi kwafi.
6. Kar a fara gyara sai ɗaya ɓangaren ya zo ya gani, kuma a samo kiyasin masu gyara biyu a rubuce.
7. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba. A nemo mai fassara.
8. Kar ka ƙwace inji ko makullin jirgin wani da sunan jingina. Yin haka zai mayar da kai mai laifi.

Game da 'yan sanda, rahotonsu yana da amfani, amma ba su ne masu karɓar maka kuɗi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan abin da ya shafi bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wannan kariya ce gare ka ranar da kai ne ake bi.

Sulhu, amma a rubuce

Mu da ke zaune a garin wasu mun san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 daga saɓanin mutum biyu-uku ya faro, ya ƙare da asarar rayuka da ƙona shaguna. Bakin kwata wuri ne na matasa masu zafin jini, ga yare ya bambanta. Tsagewar faiba ba ta kai a zubar da jini ba, kuma ranar da aka yi faɗa, maganar diyyarka ta mutu.

Saboda haka hanyar da ta fi ita ce zama: Sarkin Hausawan yankin ko wakilinsa, shugaban ƙungiyar masu jirage, da masu jiragen biyu da kansu, ba direbobi kaɗai ba. Abin da aka amince a rubuta shi: nawa ne, kashi nawa za a biya, wace rana, me zai faru in an saɓa. Kowa ya sa hannu, shaidu su sa, a biya ta banki. In ana son yarjejeniyar ta yi ƙarfin hukuncin kotu, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Legas da aka buɗe a 2002, Abuja ma tana da irinsa, kuma kuɗinsu bai kai na shari'a ba.

Inshora

Ba a fafe gora ranar tafiya. Inshorar jirgi iri biyu ce da ya kamata a bambance: wadda ke gyara naka jirgin da injinsa, da wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wasu. Ta biyun ce ke hana mutum sayar da gida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful da hukumar NAICOM ta ba lasisi, sai ya tambaya ko suna karɓar irin jirginsa. Kowace ka yanka, ka sa a karanta maka sharuɗɗan, domin lodi fiye da kima, ko direba marar takarda, ko jinkirin sanar da su hatsari, na iya sa su ƙi biya.

Yadda ta Kawu ta ƙare

Allah ya taimake shi, wani yaro mai sayar da ruwan leda ya ɗauki bidiyon shigowar jirgin, kuma mai yanka tikiti ya shaida cewa tun kwana uku direban ke ƙorafin giya. Da aka zauna gaban shugabannin ɓangarorin biyu, mai jirgin fasinjan, dattijo ne ɗan gari, ya kalli bidiyon sau biyu bai ƙara maganar igiyar ruwa ba. Su kuma suka nuna cewa direban Kawu ya ɗaure ya ɗan shiga wurin saukar fasinja, kuma babu taya ko ɗaya a gefen jirgin. Kawu ya karɓi wannan. Aka tsayar da kashi huɗu cikin biyar a kan mai jirgin fasinja, zai biya cikin wata uku. Kuɗin albasa kuwa rabi aka ba shi, don babu takardar da ta nuna buhu nawa aka loda.

Ya biya kashi biyu a kan lokaci, na ukun ya makara da mako biyu, ya aiko ɗansa ya ba da haƙuri. Yanzu jirgin ya koma ruwa da tayoyi shida a gefe, kuma Kawu ya sayi littafi mai bango ja da direba ke sa hannu a ciki kafin a kwance igiya.

Wanda ke da tambaya a kan nasa lamarin, ya tattara hotunansa da takardunsa ya nemi lauyan da ya san shari'ar ruwa tun wa'adi bai wuce ba. Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya sa mu gama da garin mutane lafiya.